Ranar da Taubashina Bai Yi Wasa Ba

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke cikin kai, ba na jin zai iya kwashe shekarar da na sayi injin ban ruwa mai inci uku na ɗora a cikin jirgina. An daɗe da yin abin, yaran da aka haifa a lokacin har sun isa kiwo, amma duk ranar da na tuna sai kunya ta kama ni sabuwa ful, kamar jiya aka yi.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi, tsakanin Isa da Sabon Birni. Da damina fito muke yi, ni da taubashina, kowa da jirginsa na katako, muna ƙetarar da mutane da babura da awaki. In ruwa ya janye sai mu ja jiragen mu kife su a kan rairayi, kowa ya koma fadama noman albasa. Taubashin nan nawa ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, na girme shi da shekara biyu. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da ke tsakanin ɗan namiji da ɗan mace: ni ne ubangida, shi ne bawa, kuma tsakaninmu ba a maganar gaskiya. In ya ce rigata ta yi kyau, to in duba da kyau, akwai inda ta yage. In na ce masa ana kiransa a gida, ko motsawa ba ya yi. Da haka muka tashi, da haka muka yi aure, har muka tara iyali ba mu daina ba.

Wahalar noman rani a wurinmu ba rashin ruwa ba ce, nisan ruwan ne. Gaɓar gulbi tana da tsawo, ruwan kuwa kullum ƙara ja da baya yake yi, har ya je ya tsaya a wani wuri mai zurfi can tsakiya, wanda muke kira gurbi. Mu kuma a kan gaɓa muke ajiye injin ban ruwa, mu zura masa mesa ƙasa. In zafi ya fara, sai a yi ta ƙara tsawon mesa, inji ya riƙa shan iska yana tari, ka ɗura masa ruwa ka tayar, ya ɗan ja ya saki. Rabin yini sai ya ƙare wajen lallashin inji, albasa tana can tana jira. Duk mun ɗauka haka Allah ya yi abin, sai haƙuri.

Wata safiya sai ga taubashina ya birkice jirginsa da ke kife, ya tura shi cikin gurbi. Ya gitta katako biyu a ciki, ya ɗora injinsa mai inci biyu ya ɗaure tam, ya kafa gora gaba da baya ya ɗaure jirgin a jikinsu. Mesar da ya zura a ruwa ko kamu biyu ba ta kai ba. Tiyo ne ya yi tsawo, ya bi rairayi ya hau gaɓa har cikin gonarsa. Muna tsaye a sama muna dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Na ce, "Kai bawa, yau inji za ka ƙetarar? Kasuwa za shi?"

Ya ɗago kai ya ce, "Ubangidana, tsaya nan bisa ka yi kallo. Ai aikin ku ke nan, ku manya."

Ja ɗaya ya yi wa igiya inji ya tashi. Muka ga tiyo yana cika yana miƙewa, ya hau gaɓa, can sai ruwa ya ɓalle a bakin gonarsa da ƙarfin da ban taɓa gani ba, har yana haƙa rami a hanyar ruwa. Dariya ta tsaya. Wani dattijo ya tambaye shi ina ya samo wannan dabara, sai ya ce, "Ba wata dabara, Baba. Na lura inji ya hi iya tura ruwa bisa ga jawo shi. In ka kai shi kusa ga ruwa, sauran aikinai na."

Ba za ni ɓoye ba, tun a wurin abin ya fara ci mini rai. Ni ne fa na koya masa riƙon gora. Ni na koya masa yadda ake karanta ruwa in gulbi ya kawo. Jirgin nan da inji yake zaune a ciki ma tare muka toshe masa ɓaraka. Ga shi ni ma jirgina yana nan kife a rairayi duk shekarun nan, ina wucewa ta gefensa safe da yamma, tunanin bai taɓa zo mini ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, sauƙin abin. Da wata babbar fasaha ce da sai in ce Allah ya ba shi, in huta.

Kafin mako ya zagayo mutane sun fara zuwa kallo daga Gangara, har daga Unguwar Lalle. Albasarsa ta yi kore shar, ni kuma in na bi ta gefenta sai in kau da kai. Sannan mahaifina ya ƙarasa ni. Muna zaune a ƙofar masallaci bayan la'asar, cikin mutane, ya ce, "Yaron ga na ƙanwata, Allah ya ba shi kai." Ya juyo wurina ya ƙara da cewa, "Kai ma ka tai ka gani, ka koya." Bai faɗa da mugun nufi ba, na sani. Amma ni ji na yi kamar a gaban gari duka aka ce in je in durƙusa wa bawana.

Ban je na koya ba. Na jira ranar da ya tafi kasuwa, na tura nawa jirgin, na ɗora tsohon injina yadda na ga ya yi. Ruwa ya hau gaɓa kam, amma gonata ta fi tasa nisa, kuma tana kan ɗan tudu. Kafin ruwan ya isa fangalin albasa na farko ya gaji, yana fita kamar daga bakin buta. Injin ya tsufa, ya sha gyara har ya gode Allah. A lokacin albasata ta fara ɗaura kai, lokacin da ba ta son ƙishi ko na kwana uku, kuma ita ce abincin gidana na shekara, don geron da na samu a daminar bai taka kara ya karya ba. Na yanke shawarar sayar da bijimin da nake kiwo in sayo sabon inji.

Labari ya kai kunnensa. Da hantsi ina cikin gona sai ga shi. Bai yi mini sallamar tsiya irin wadda ya saba ba. Ya gangara bakin ruwa, ya taho yana auna nisan da ƙafarsa har tsakiyar gonata, ya waiwaya ya dubi gangaren, sannan ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, "Ubangidana, na ji za ka Sabon Birni sayen inji. Kak ka sawo mai babban baki. Gonakka na nesa, kuma tana bisa tudu. Mai inci biyu za ka nema, amma irin mai ƙarhin turi, irin nawa. Mai inci uku ruwa garai da yawa, amma ba ya hawa."

Na ƙura wa fuskarsa ido ina neman murmushin da na san yana ɓoyewa. Ban gani ba. Maimakon in gane cewa babu shi ne, sai na ce a raina lallai yaron nan ya ƙware, har ya iya riƙe dariya. Na tuna ranar da ya aike ni bayan gari wai an ga ɗan maraƙina, na tuna ranar da ya sa na sha kunun da ba gishiri ba sukari yana cewa da zuma aka dama. Sannan wata zuciyar ta ce mini, ko ma ba wasa yake ba, so yake ka sayo irin nasa, gari ya ce ɗan namiji ya bi sawun ɗan mace. Duk ta inda na juya maganar, amsa ɗaya take ba ni.

Na ce, "Na ji, bawa. Tashi ka ba ni wuri."

Ya miƙe, ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya kaɗa kai ya tafi.

A Sabon Birni na shiga shagon wani mai sayar da injuna, mutum mai natsuwa. Idona bai tsaya ko'ina ba sai kan wani ƙato ja, bakinsa kamar ka zura hannu. Mai shagon ya ce, "Malam, gonar taka tana kusa ga ruwa ko tana nesa? Wanga mai yawan ruwa na, na gonar da ke kwance. In hawa za shi yi, ga wanda ad daidai." Ya nuna mini wani mai inci biyu, sak irin na taubashina. Ina ganinsa raina ya ɓaci. Na ce masa gonata a bakin ruwa take. Ya ce to tiyo fa, in na inci biyu gare ni sai na sake, don bakin ba ɗaya ba ne. Na ce ina da shi. Ƙarya biyu na yi a tsaye cikin shagon mutum, ba wanda ya tilasta ni, kuma ban cuci kowa da su ba sai kaina.

Na ɗaure shi a bayan babur. Da na iso gari, maimakon in bi hanyar da ke kai ni gida kai tsaye, sai na zagaya ta ƙofar masallaci, na bi ta ƙofar gidan taubashina a hankali ina danna oda ba gaira ba dalili. Duk wanda na gamu da shi sai na ce masa gobe da hantsi ya zo gulbi ya ga ruwa.

Sun kuwa zo. Gaɓa ta cika da mutane, har mahaifina ya taho da sandarsa. Sai da mutum uku muka kama muka saka injin a jirgi, jirgin ya nutsa har ya rage kamar yatsa huɗu tsakanin bakinsa da ruwa. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Katakon da na gitta na tsohon inji ne, wannan ya fi ƙarfinsa, sai na ɗaure shi da igiya sama-sama. Sannan ga maganar tiyo. Na sami guntun bututu na cusa a bakin injin, na sa tsohon tiyona a ɗaya gefen, na naɗe haɗin da robar tayar babur har sai da hannuna ya yi ja. Taubashina yana cikin nasa jirgin a gefe guda na gurbin, yana ba gonarsa ruwa. Ya dubi haɗin nan, ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

Na ɗura ruwa, na ja igiya. Injin ya tashi da wata irin ƙara da ta danne ta nasa gaba ɗaya, jirgi ya ɗauki rawa a ƙarƙashina. Wallahi a wannan ɗan lokacin na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Tiyo ya cika ya hau gaɓa, mahaifina ya bi shi a hankali zuwa gona don ya ga isar ruwan da idonsa, ni kuma na zauna ina jiran in ji an yi kabbara. Shiru. Can sai ga shi ya dawo bakin gaɓa, ya sa hannu a baki ya ɗaga murya.

"Bai iso da ƙarhi ba! Zuba ɗai shikai kaɗan-kaɗan!"

Kowa ya ji. Na kai hannu na ƙara wa injin wuta. Haɗin ya fara tsartuwa ta gefe, robar tana kumbura.

Taubashina ya miƙe tsaye cikin jirginsa ya yi ihu, "Rage mai wuta! Haɗin ga ba ya ɗauka! Don Allah rage!"

A rayuwata ban taɓa jin ya haɗa ni da Allah ba sai ranar. Amma muryarsa ce, kuma a gaban mutane, a gaban mahaifina. Na ƙure wutar har ƙarshe.

Abin da ya biyo baya ko ƙiftawar ido uku bai kai ba. Haɗin ya fashe, ruwa ya yi tsiri ta gefe da dukkan ƙarfin injin, gindin jirgi ya juya, gorar baya ta tumɓuke. Ni da na shekara ashirin ina gaya wa fasinja kada wanda ya miƙe in jirgi ya karkata, ni ne na miƙe zumbur don in kashe inji. Jirgin ya sha ruwa ta gefe ɗaya, injin ya zame daga kan katako ya bi gangaren, muka kife gaba ɗaya. Na ji ƙararsa ta mutu a cikin ruwa tun kafin in fito da kaina.

Da na taso, abin da na tarar ya fi dariya ciwo: ba wanda ya yi dariya. Mutane sai sannu suke yi mini, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Mahaifina ya ce, "Alhamdu lillahi da ba rai," ya juya ya nufi gari. Kafin in gama tofar da ruwan da na sha, taubashina ya tuɓe riga ya faɗa gurbin da igiya a hannu. Sai da ya nutsa sau uku kafin ya samu ya ɗaura wa injin, mutane suka taru suka jawo shi yana zubar da laka. Bakanike ya duba ya ce ruwa ya shige shi yana tsakiyar aiki da zafinsa, sai an kwance shi duka, kuma akwai abin da ya karye a ciki wanda sai an aika Sakkwato. Ya ce in ba shi mako biyu. Tsohon injina kuwa na riga na bar wa mai shago a cikin ciniki. Albasata a ranar kwananta huɗu ba ruwa, bakin ganyen ya fara fari.

Washegari bayan sallar asuba na tafi gona, ba don in yi wani abu ba, sai don in ga abin da na jawo wa kaina. Tun daga nesa na ji ƙarar inji. Na zaci gonarsa yake ba ruwa, raina ya ƙara baƙi. Da na matso sai na ga tiyonsa an haɗa da nawa, ya wuce gonarsa ya hau tudu, ga shi kuma tsaye cikin fangalina da fartanya, wando a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya. Ruwan yana zuwa da ƙarfinsa, daga ƙaramin injin nan da na raina.

Zan so in ce godiya ce ta fara zo mini. Ba ita ba ce. Abin da na fara gani shi ne yadda ruwan ya hau tudun ba wahala, wato duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma hakan ya sake sukar zuciyata. Mutum yana tsaye cikin laka yana ceton abincin 'ya'yana, ni kuma ina jin haushin ya fi ni sanin inji. A nan ne na tsorata da kaina, don na ga ciwon da ke cikina ya wuce inda nake zato.

Na matsa kusa da shi. Na ce, "Don mi ba ka rantse ba rannan? Da ka rantse da na san ba wasa kakai ba."

Bai ɗago ba, yana ta jan ƙasa da fartanya. Ya ce, "Ai na auna gonakka da ƙahwata, kana kallo. Na ɗauka ka san bambanci. Taubashi na wasa da hulakka, ba ya wasa da abincin ɗiyanka."

Na karɓi fartanyar daga hannunsa na ci gaba daga inda ya tsaya.

Mako biyun bakanike sun zama kusan uku. Duk tsawon lokacin inji ɗaya ne yake ɗauke da gona biyu, ga zafi ya kankama. Kullum tawa yake fara ba ruwa, wai ta fi jin ƙishi, sai rana ta take sannan a juya tiyo zuwa tasa. Na yi magana sau biyu, ya ce in rufa masa baki, tun yaushe ubangida ya san aikin gona. Ruwan bai riƙa kaiwa fangalolinsa na can ƙarshe ba sai jefi-jefi. Ina gani da idona suka fara yaushi, ganyen ya kwanta, kan ya tsaya ƙanana kamar goro. Gonar da mutane suke tahowa daga wasu garuruwa su kalla, kusan kashi ɗaya cikin uku nata haka ya ƙare. Tawa kuwa ta farfaɗo, na kwashe albasa mai kyau a shekarar, har na riƙe gidana zuwa kaka.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wasan taubasai ne ya ruɗe ni, wai wa zai yarda da mutumin da bai taɓa gaya masa gaskiya ba. Daga baya na daina wannan yaudarar. Na san muryarsa ta wasa, na san wadda ba ta wasa ba, tun muna yara na sani. Na ji gaskiyar sarai lokacin da ya faɗe ta, ƙin ta na yi don daga bakinsa ta fito.

Ranar da yake cire albasarsa na je taya shi. Muka zo kan fangalolin nan da suka lalace, ya riƙa tumɓuke 'yan ƙananan yana jefawa gefe guda, ni kuma kowace ya jefa sai in ji kamar a jikina ta sauka. A wurin na koyi abin da har yau nake gaya wa duk wanda na ga yana kau da kai daga gonar ɗan'uwansa. Na taso ina jin ana cewa mai hassada kansa yake ci, kuma da a kaina abin ya tsaya da na ce na biya abin da na ɓata. Amma ni na yi hassadar, na kwashe albasata cif, wanda nake yi wa ita shi ya koma gida da buhunan da ba su cika ba, don yana ƙaunata.